Mazurarin Kwamin Wanke Hannu: Yadda Ake Zaɓensa Da Abin Da Kuskure Ke Jawowa

Duk wanda ya saba shiga banɗakin ofisoshi, makarantu da asibitoci ya san wannan yanayi: kwamin wanke hannu fari tas, kan famfo yana ƙyalli, amma a ƙarƙashi an ajiye bokiti yana tarar ruwan da ke ɗiga, ɗakin kuma yana tashin warin da sabulu da turare suka kasa kashewa. Akasari akan ɗora laifin a kan masu shara ko masu amfani da wurin. Sau da yawa kuwa tushen matsalar wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, wanda aka saya ba tare da an duba ko ya dace da kwamin ba.

Wannan ƙarfe shi ne mazurari, wanda masu gyaran famfo ke kira wes. Shi ne ke zaune a hudar da ke gindin kwami. Samansa faifai ne mai faɗi wanda ido ke gani, ƙasansa kuma gajeren bututu ne mai tiredi da ake ɗaurewa da noti daga ƙarƙashi. Daga nan ruwa ke faɗawa cikin matarin wari, wato lanƙwasasshen bututu ko ɗan gwangwanin da ke riƙe ruwa kaɗan a koyaushe, sannan ya bi bututun da ya ratsa bango zuwa sokawe ko kwata. Guda ukun nan tare suke aiki, don haka ba a zaɓar ɗaya a manta da sauran.

Hudar rara ce ke yanke hukunci

Kafin a je kasuwa, abin da za a fara dubawa shi ne ko kwamin yana da hudar rara. Wata ƙaramar ƙofa ce a jikin kwamin, kusa da baki, yawanci a ƙarƙashin kan famfo. Idan an toshe kwamin aka manta famfo a buɗe, ruwan da ya kai wannan ƙofa zai shiga wata ɓoyayyiyar hanya da aka yi a cikin tangaran ɗin, ya gangara ya haɗu da mazurari a ƙasa, maimakon ya malala a daɓe.

Saboda haka mazurari iri biyu ne. Akwai mai tsaga, wanda aka yanka masa taga a jikin bututunsa domin ruwan rara ya samu mashiga. Akwai kuma marar tsaga, wanda jikinsa a rufe yake tun daga sama har ƙasa. Kwami mai hudar rara mai tsaga yake buƙata, kwami marar huda kuma, kamar irin mai siffar kwano da ake ɗorawa a kan teburin dutse, marar tsaga yake buƙata.

Idan aka sa marar tsaga a kwami mai huda, an kashe hanyar rara ke nan. Ba za a gane ba sai ranar da yaro ya bar famfo a buɗe, ko ranar da aka kawo ruwa da tsakar dare bayan an bar famfon a murɗe tun lokacin da babu ruwa, abin da ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Bugu da ƙari, ruwan da ya shiga ɓoyayyiyar hanyar zai kwanta a ciki ya ruɓe. Idan kuma aka yi akasin haka, aka sa mai tsaga a kwami marar huda, tagar za ta faɗo a wurin da babu abin da zai tare ta, ruwa ya riƙa tsiyaya ta saman noti. Mai gyara zai iya cika wurin da silikon, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin ɗigar za ta dawo. Wannan kuskure shi ne mafi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin kaucewa: hoto ɗaya na kwamin a waya ya isa a nuna wa mai shago.

Awo

Ma'aunin mazurarin kwamin wanke hannu kusan ɗaya ne a ko'ina: inci ɗaya da kwata, wanda ake rubutawa milimita 32. Na kwamin wanka da na wanke-wanken kicin ya fi girma, inci ɗaya da rabi, wato milimita 40. Wanda ya ɗora ma'auni a kan tiredin zai ga kusan milimita 42, kada ya ɗauka an ba shi wani daban. Lambar 32 suna ce ta ajin bututun, faɗin tiredin daga waje ya zarce haka. Hudar da ke gindin kwamin kanta takan kai milimita 45 ko kusa da haka.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsawo. Kwamin dutse mai kauri, ko wanda ke zaune a kan teburi, yana buƙatar mazurari mai dogon jiki, in ba haka ba noti ba zai samu tiredin da zai kama ba. Akwai kuma saɓani tsakanin tsarin Ingila, wanda aikin famfo a Najeriya ya gada, da tsarin sauran ƙasashen Turai da ake bi a Nijar. Bututun da ake haɗawa da gam wanda Ingila ke kira 32, faɗinsa daga waje milimita 36 ne, alhali na Faransa 32 ɗin ne cif. Idan kaya daga tsarin biyu suka haɗu a banɗaki ɗaya, wasu masu gyara kan gasa bakin bututun a wuta har ya yi laushi su cusa ɗaya cikin ɗaya. Haɗin yakan riƙe na ɗan lokaci, amma robar da ta sha wuta takan yi rauni. Akwai mahaɗin da aka yi domin wannan aiki, mai zoben roba da noti, kuma shi ya kamata a nema.

Marfi

A nan ne masu saye suka fi ɓata lokaci, alhali shi ne ɓangaren da zaɓinsa ya fi sauƙi. Tsohon yayi shi ne matoshin roba mai sarƙa: ba shi da kyan gani, amma babu abin da zai lalace a jikinsa, in ya ɓata kuma a sayi wani. Sai wanda ake dannawa ya rufe a sake dannawa ya buɗe, wanda ya cika kasuwa a yanzu. A cikinsa akwai ɗan sifirin, kuma gashi da dattin sabulu da gishirin ruwan burtsatse sukan taru su maƙale shi. Mai kyau a cikinsu shi ne wanda ake iya warware kansa da hannu a wanke a mayar. Akwai wanda ake ɗagawa da wani ɗan sanda da ke bayan kan famfo. Wannan sai da famfon da aka yi masa hudar sandan, kuma mahaɗin da ke ƙarƙashi wuri ne na ƙarin ɗiga. Akwai mai juyawa kamar faifai. Na ƙarshe shi ne wanda ba ya rufuwa sam, rariya ce kawai ruwa ke wucewa.

Ƙa'idar a nan gajeriya ce. Kwamin da ba shi da hudar rara, mafi aminci a sa masa wanda ba ya rufuwa, domin in an toshe shi babu inda ruwa zai bi sai ƙasa. Haka ma wuraren da jama'a ke cunkoso, kamar masallatai, tashoshin mota da makarantu: duk abin da ke da sifirin ko sarƙa ba ya daɗewa a hannun mutum ɗari. Inda ake alwala kuwa, yashi da ƙura sun fi yawa, don haka rariyar da ake iya cirewa a kakkaɓe ta fi marfi mai ado amfani.

Ba duk mai ƙyalli ba

A kan teburin mai shago, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja, duk mazuraran kamarsu ɗaya, domin duk an lulluɓe su da farin ƙarfe mai sheƙi. Bambancin yana ƙarƙashin lulluɓin. Mafi inganci shi ne na tagulla, wanda ke jure ruwa shekara da shekaru. Mai bi masa shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ma aji-aji ne: mai lamba 304 yana da sinadarin kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, shi kuwa mai lamba 201 an rage masa nikel an cike da manganis, don haka ya fi araha kuma ya fi saurin yin tabon tsatsa a wuri mai danshi. Sai na zinki, wanda ke kama da tagulla a ido, amma da zarar lulluɓin ya fashe sai ya fara kumbura yana ɓarɓashi, har wata rana tiredin ya karye a hannun mai gyara. Filastik mai kauri ba abin rainawa ba ne: ba ya tsatsa, kuma ya fi zinki mai rahusa daɗewa, sai dai in an matse noti da ƙarfi yakan tsage.

Mutane da yawa sun dogara da maganaɗisu wajen gwaji. Abin da yake iya tonawa kawai shi ne baƙin ƙarfen da aka yi wa kwalliya, domin ba ya kama tagulla, ba ya kama zinki, kuma da ƙyar yake kama 304 ko 201. Nauyi ya fi shi faɗin gaskiya, don tagulla ta fi zinki nauyi a hannu idan girmansu ɗaya. Haka kuma a leƙa cikin bututun ko a ɗan kankare wurin da ba a gani: rawaya alamar tagulla ce, toka-toka kuma zinki.

Abin da ake zubawa a kwami ma yana da tasiri. Soda mai ƙarfi da ake buɗe toshewa da ita tana cin zinki, ruwan batir da wasu ke wanke tangaran da shi kuma yana ɓata lulluɓin kowane irin ƙarfe.

Ruwan da ke tsare ƙofa

Matarin wari shi ne ɓangaren da ya shafi lafiya kai tsaye, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi saboda yana ɓoye a bayan ƙafar kwami. Dabararsa tsohuwa ce. A 1775 wani maƙerin agogo ɗan Sukotland, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ruwa, kuma har yau a kan wannan tunani ake tafiya. Ruwan da ya kwanta a lanƙwasar yana zama ƙofa: datti na wucewa ƙasa, iskar sokawe ba ta iya hawowa sama. A cikin wannan iska akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce idan ta yi yawa, akwai kuma mai kamawa da wuta. Ta wannan hanya ce kyankyasai ma ke shigowa. Dokar gini ta Ingila ta ce zurfin ruwan da ke tsare ƙofar a kwamin wanke hannu ya kai milimita 75. A Amurka ana neman tsakanin inci 2 zuwa 4.

Abin da ke faruwa idan ƙofar ta bushe, duniya ta gani a Hong Kong a 2003, lokacin annobar SARS. A rukunin gidajen Amoy Gardens mutum sama da 300 suka kamu, 42 suka rasu. Binciken hukumomi ya gano cewa matarin warin da ke magudanar daɓen banɗakuna da dama ya bushe, saboda mazauna na goge daɓen da tsumma ne maimakon kwara ruwa. Fankar da ke fitar da iska daga banɗaki sai ta riƙa zuƙo tururin da ke ɗauke da ƙwayar cutar daga babban bututun masai zuwa cikin gidaje. Magudanar daɓe ce a can, ba kwami ba, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma a ƙasar da ake hunturu mai busar da leɓe, ruwan matari ya fi saurin ƙafewa. Ɗakin baƙi, gidan da aka rufe aka yi tafiya, ɗakunan kwanan ɗalibai a lokacin hutu ko yajin aiki, duk suna buƙatar a riƙa zuba musu ruwa lokaci-lokaci.

Matari iri uku aka fi samu. Mai siffar kwalba ba ya cin wuri, kuma ana warware gindinsa a zubar da datti ko a ciro zoben da ya faɗa; aibinsa shi ne saurin tara yashi da gashi. Wanda ya lanƙwasa sannan ya miƙe ya shiga bango ya fi wanke kansa, shi ne zaɓin da ya fi dacewa idan akwai wuri. Na uku shi ne wanda ya lanƙwasa sau biyu ya nutse cikin daɓe. Matsalarsa ita ce idan ruwa mai yawa ya wuce a lokaci guda, yakan zuƙe har da wanda ya kamata ya rage, ya bar ƙofar a buɗe. Manyan dokokin aikin famfo na Amurka sun haramta shi saboda haka. A gidajen da famfo ba ya kawo ruwa, inda ake juye bokiti guda a kwami, wannan aibi ya fi fitowa. Alamarsa ita ce ƙarar ƙwarƙwar da ake ji bayan ruwa ya gama wucewa.

Akwai kuma na huɗu, wanda a gaskiya bai cancanci sunan ba: tiyo mai lanƙwasuwa kamar maƙogwaro, wanda 'yan kasuwa ke kira majik. Masu gyara na son sa domin ba ya buƙatar awo, duk inda hudar bango take zai kai. Idan an ja shi a miƙe, babu ruwan da zai kwanta, babu abin da ya raba banɗaki da sokawe. Idan an lanƙwasa shi, tsagogin cikinsa na tara maiƙo da gashi, kuma da an ture shi da tsintsiya lanƙwasar ta warware. Araha ba ta ado. A nan ba ta ma tsare hanci.

Bututun da ke bayan matari shi ma yana da iyaka. A tsarin Ingila, na milimita 32 bai kamata ya wuce mita 1.7 ba kafin ya shiga babban bututu. Idan nisan ya fi haka sai a koma na 40, ko a ƙara masa hanyar shaƙar iska.

Asibiti daban ne

Kwamin da ma'aikatan jinya ke wanke hannu yana da ƙa'idarsa. Tsarin asibitocin Ingila ya ce kada ya kasance da matoshi, kada ya kasance da hudar rara, kuma kada bakin famfo ya saita ruwa kai tsaye cikin mazurari. Dalilin shi ne hanyar rara wuri ce da soso ba ya kaiwa, ruwan da ya doki rariya da ƙarfi kuma yana fantsamo abin da ke cikinta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Virginia ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke cikin matari suna iya hawowa ta jikin bututu kusan inci ɗaya a rana idan suna samun abinci, su iso rariya cikin mako guda, daga nan ruwan famfo ya watsa su kewayen kwamin. Ke nan wanda ya sa kwamin otal mai marfin dannawa a ɗakin haihuwa bai yi wa kowa gata ba, komai tsadarsa.

Inda kuɗin jama'a ke shiga

A takardar ƙididdigar kayan kwangilar gini, kwamin wanke hannu yakan zo a layi ɗaya, tare da famfonsa da mazurarinsa da matarinsa, a kan farashi guda. Idan layin bai fayyace irin ƙarfen da girman da nau'in matarin ba, ɗan kwangila na da damar kawo mafi araha, kuma ranar ƙaddamarwa babu mai durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin kwami. Idan kuwa an rubuta tagulla aka sa zinki, an rubuta matari aka sa tiyo, to an biya kuɗin abin da ba a kawo ba. A kwami ɗaya bambancin ba shi da yawa. A makaranta ko asibiti mai kwami hamsin, ko rukunin gidaje ɗari, lissafin ya canza, ga kuma kuɗin gyaran da za a sake warewa.

Wannan na cikin abubuwan da ɗan ƙasa zai iya tantancewa da idonsa ba tare da ya karanci injiniyanci ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 sun buɗe ƙofar neman takardun kwangilar tarayya, ta biyun ma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A al'adar kwangilar gini akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni bayan miƙa aiki, domin ya gyara duk aibin da ya bayyana. Ɗigar kwami da warin banɗaki na cikin irin wannan aibi, muddin an kai ƙorafi kafin a saki kuɗin.

Ga mai saye na kansa, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida, sai dai mazurari yakan iso hannun mai saye a farar leda, babu suna babu lamba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba da damar mayar da kaya mai aibi, amma wanda ya sayi lafiyayyen mazurari marar tsaga alhali mai tsaga yake buƙata, kuskurensa ne, sai dai alfarmar mai shago. Rasit da yarjejeniyar canji tun kafin a biya su ne kariyarsa.

Bayan an ɗaura, kafin a sallami mai gyara, akwai gwajin minti biyar. A tabbatar tagar mazurarin ta fuskanci hanyar rara, kuma silikon bai cike ta ba. A toshe kwamin, a cika shi har ruwa ya fara shiga hudar rara, a saurara a ji yana gangarawa. Sannan a buɗe marfin ruwan ya wuce gaba ɗaya, a shafa busasshiyar takarda a kan noti da kowane mahaɗi. Ko ɗigo ɗaya ne zai nuna. Daga ƙarshe a warware gindin matarin a hankali, ko a haska fitila ta rariya, a ga ko ruwa ya rage a ciki.